Harbin da Ya Sami Muntasir

Ranar da aka buɗe hanyoyi bayan kullen korona, 'yan Najeriya mazauna unguwar Lembah Pantai, can ƙasar waje, suka cika bas sai Bukit Melawati, tudun da aka gwabza yaƙin basasar Selangor. Nan Kausar ta fara ganin Muntasir, ɗalibin tarihi, ya dafa wata tsohuwar igwa yana zuba bayani kamar da shi aka yi yaƙin.

"Malam, kai ina ka ɓuya lokacin da ake harbin?" ta tambaye shi ta cikin takunkumi.

"Ai ranki ya daɗe na tsira a lokacin. Yau ne harbi ya same ni."

Dariya ta ƙwace mata. Kafin bas ta dawo gari, lambarsa na wayarta.

Wata uku suna soyewa, sai Abbanta, Dakta Hambali, ya ce sam. Ga Adnan injiniya yana nema, me za ta yi da mai tonon yaƙi?

Tana kuka ta gaya wa Muntasir dalili. Abba na ciki mahaifinsa, Kofur Yahuza, ya tafi yaƙin basasar Najeriya, bai dawo ba, ko kabarinsa ba a sani ba. Shi ya sa ya tsani zancen.

Daga nan Muntasir ya yi ɗif, mako biyar. Kausar ta rame, ta ɗauka ya janye. Sai ga saƙo wata safiya:

"Sanyin idona, ban gudu ba. Tsofaffin sojojin Kaduna nake bi a waya. Roƙa min Abba minti goma, boleh? Zai yiwu?"

Ta daka tsalle har mayafinta ya zame.

Da Abba ya amince, Muntasir ya zo ya durƙusa a falo, ya miƙa masa wayarsa. Muryar wani tsoho ta fito: "Kofur Yahuza? Abokina ne. Ni na yi masa salla da hannuna, na san inda yake kwance. Kullum zancensa cikin da ya baro a gida."

Abba ya cire tabarau, ya daɗe yana share ido. Kausar na bayan labule tana leƙe.

"Yaro, ka turo magabatanka."

Aka ɗaura aure a wani masallacin unguwar Kampung Baru, mutum ashirin kacal, dangin Kano na rangaɗa guɗa ta waya. Abba ya riƙe hannun ango gam.

"Ka ba ni uba, na ba ka 'ya. Allah Ya yi muku albarka."