Canjaras a Teburin Gwani

Sojan katako ne a hannun Tianze, yana ta murza shi a ƙarƙashin tebur. Duk zauren gasar darar ces ta birnin Wenzhou na ƙasar Sin ba wanda ya lura sai budurwarsa Shuyin da ke zaune a gabansa. Ta san hannun nan. In ya fara murza soja, to gwanin ya shiga damuwa.

Ita ma ba a natse take ba. Maganar da aka faɗa mata da safe ta ƙi barin kunnenta.

A bakin zauren Manni ta tare ta, 'yar mai kamfanin takalman da ke ɗaukar nauyin Tianze, wadda mahaifiyarsa, Anti Lu, ta daɗe da zaɓa masa ya aura.

"Malamar yara! Ashe ke aka haɗa da shi a zagayen ƙarshe?"

Shuyin ta sunkuyar da kai.

"Bari in taimake ki," in ji Manni tana gyara gashi. "In kuka yi canjaras, kofin ya kuɓuce masa. Anti Lu kuwa ta rantse, in hakan ta faru, to kyauta ya ba ki, kuma ba za ki ƙara taka gidanta ba. Dama cewa take tun da ya san ki wasansa ya yi laushi."

"To ya kike so in yi?"

"Ki faɗi mana! Dama faɗuwar za ki yi. Ki yi ta da wuri, kowa ya huta."

Shuyin ta sami Tianze a gindin matakala.

"Yaya Tianze... in na faɗi da gangan fa?"

Ya zare ido. "Ki kuskura!"

"Mamanka..."

"Ƴar fitilata, saurare ni. Yau ba sani ba sabo, da gaske zan neme ki. Ke ma ki neme ni da gaske. In kika ba ni wasan nan kyauta, da wane ido zan ƙara kallon ki?"

Ga su nan yanzu, tun hantsi har rana ta karkata.

Abin da shi da kansa ya koya mata a shagon shayin da suka saba zama, shi take yi masa. Ƙarami ba ya kai wa gwani hari. Rufe ƙofofi yake. Ya ci doki, a ci masa doki, ya ci giwa, a ci masa giwa, har allon ya yi fili, gwani ya rasa da me zai yi yaƙi. Kuma in an miƙo masa abin banza, kada ya ɗauka.

"Gwani ya fi ƙin canjaras a kan yadda kike tsoron faɗuwa," haka ya taɓa ce mata yana dariya. "Ki bar shi ya gaji da haƙuri."

Sai ga shi ya tura mata soja a fili, ba mai tsaronsa.

Hannunta ya ɗaga...

Ta mayar da shi cinya. Tarko ne.

Ta saci kallon 'yan kallo. Anti Lu na sahun gaba, ta rungume kwanon miyar kaza mai murfi da take kawo wa ɗanta duk gasa, wanda ko ƙaninsa ba ya taɓawa. Ita ma tsohuwar 'yar wasa ce, ba a yi mata rufa-rufa a kan allo. Manni na gefenta tana ta yi mata raɗa.

Tianze ya cire tabarau, ya goge gumi. Ya matsa ta dama, ta toshe. Ya zagayo ta hagu, ta toshe. Lokacin da agogon wasa ya ba shi na cinyewa. Bai ko ɗago ya kalle ta ba, abin da ya yi mata zafi, ya kuma yi mata daɗi.

Daga ƙarshe haƙurinsa ya ƙare. Ya kwashe duk rundunarsa ya afka mata, ya bar sarkinsa tsirara.

Shuyin ta ƙura wa allon ido. Ta ga hanya.

In ta bi ta, kofinsa ya tafi. Wataƙila shi ma ya tafi.

Ta ɗauki sarauniya ta ritsa sarkinsa. Ya kauce. Ta sake ritsa shi. Ya koma inda ya fito. Ba inda zai ɓuya, ita kuma ba ta da ƙarfin kashe shi. A karo na uku da abin ya maimaitu, alƙalin wasa ya matso ya tsayar da agogo.

Canjaras!

Zaure ya kaure da hayaniya. Tianze ya ajiye sojan da ya jiƙe da gumi, ya miƙo mata hannu.

"Muguwa!" ya ce ƙasa-ƙasa, idonsa na sheƙi. "Da makamina kika yanka ni?"

Hawaye ya zubo mata. "Kofinka, Yaya..."

"Akwai na baɗi. Ke fa, akwai wata?"

"Anti, kin gani ko?" Muryar Manni ce ta tashi. "Ai na faɗa miki kyauta zai ba ta!"

Anti Lu ba ta ko waiwaye ta ba. Ta taso a hankali ta tsaya kan allon. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta taɓa gidan da tarkon sojan nan ya zauna, sannan ta dubi rigar ɗanta da ta manne masa a baya sharkaf.

Shuyin ta miƙe tsaye.

"Anti, ni ban yi nufin..."

Matar ta buɗe kwanon miyar, tururi ya tashi. Ta ajiye shi a ɓangaren Shuyin, ta ɗora cokali a kai. Sannan ta saɓa jakarta, ta ratsa cikin mutane, ta fice.