Kindirmon Ranar Talata

"Duba da idonki!" Gwaggo Inno ta dangwara mata wayar a cinya. "Ke kika koya mani kallon abin ga. Wanga jan layi, wace rana ce?"

Raliya ta duba wayar.

"Talata ce, Gwaggo..."

"Wanga fa?"

"Talata."

"Wa ka zuwa gidan ga ran Talata?"

Raliya ta sunkuyar da kai.

Wata shida ke nan da wata likita a Sakkwato ta ce rawar hannun mahaifinta, Malam Sanusi, ciwo ne mai suna Fakinsan. Ta ɗaura masa agogo mai auna rawar jiki, yana turo sakamako a wayar Raliya. Ita ke danna lokacin shan magani, ita ke rubuta barcinsa da tafiyarsa. Da haka aka daidaita masa ƙwayoyi, har ya koma leƙa gonar albasarsa a Bakolori.

Sai dai duk Talata layin rawar hannun a wayar yakan hau ya yi ja. Sau bakwai a jere. Ranar ce Mas'udu, mai neman aurenta, yake kawo awaki kasuwar Mafara daga Maradun, ya zarce garinsu Raliya, Bakura, gaida Baba da jarkar kindirmo daga mahaifiyarsa.

"Wani abu aka zuba ma ƙanena cikin nonon ga," in ji Gwaggo. "Na gaya ma Baffanki Buba. Zancen aure ya tsaya nan!"

Da la'asar Mas'udu ya kira.

"Raliyata, muryarki ba daidai take ba."

"Kada ka zo Talatar nan."

"Me na yi?"

Ta gaya masa komai, tana haɗiye kuka.

"Ke ma kin yarda?"

"Ban ce ba... amma ni nake rubutawa, Mas'udu. Sau bakwai!"

"Uwata ce ke tatsa da hannunta. Mafi kyau take ware wa Baba." Muryarsa ta yi sanyi. "Na ɗauka ko duniya ta zarge ni, ban da ke."

Ya kashe wayar.

Kwana biyu abinci bai wuce mata ba. In ta kalli hannun Baba sai ta ji haushin Mas'udu. In ta tuna muryarsa sai ta ji haushin kanta.

Ranar Alhamis likitar ta kira ta bidiyo kamar yadda ta saba.

"Na ga Talatocin nan. Kin danna ya sha magani ƙarfe goma. Da me yake sha?"

"Da ruwa."

"Har ranar Talata? Kin gani da idonki?"

Raliya ba ta taɓa gani ba. Wace budurwa ce za ta shiga zaure saurayinta na zaune gaban mahaifinta? Tana jin ƙarar babur take miƙa wa Baba ƙwayar, ta gudu ɗaki, ta danna "ya sha".

Ta juya wayar wajen Baba.

"Da kindirmo nika kora ta," ya ce a hankali. "Ƙwarya guda nika shanyewa, da ɗan tsiren da yaka riƙo mani. Yaro ya ɗauko tun daga Maradun, in aje masa a gefe?"

"To ga shi nan, Malam. Nono da nama sukan tare wa wannan maganin hanya a ciki, sai ya kasa aiki. Ku sha da ruwa, ku jira awa guda, sannan ku sha kindirmonku."

Gwaggo ta taɓe baki daga bakin ƙofa.

"Ita daga Sakkwato ta ga abin da ke cikin jarka?"

"Yaya," in ji Baba, "a kira shi. In hannuna ya yi rawa wagga Talata, maganarki ta tabbata."

Raliya ta kalli hannun Baba. Ciwon nan ba kullum yake jin magana ba. Wata ranar rashin barci kaɗai ya isa ya tayar da shi.

Sau huɗu ta kira Mas'udu kafin ya ɗauka.

"Ka yafe mini, masoyina... ka zo. Da kindirmon."

"In hannunsa ya yi rawa fa?"

Ta ƙara matsa wayar a kunnenta.

"Zan zo," ya ce. "Don Baba."

Talata, ƙarfe tara da rabi, ta tsaya kan Baba har ya haɗiye ƙwayar da ruwa. Goma da rabi babur ya tsaya a ƙofar gida. Ta laɓe bayan zaure da wayar a tafinta, Gwaggo na numfashi a kafaɗarta.

An daɗe ana gaisuwa. Gida, dabbobi, mutanen Maradun, hanya. Sai ta ji ƙarar ludayi a ƙwarya.

Sha ɗaya... layin kore. Sha ɗaya da rabi ya ɗan ɗaga. Raliya ta dafe bango tana salati.

"Kin gani ko!" Gwaggo ta raɗa.

Layin ya tsaya nan. A hankali ya sauko. Har aka kira azahar bai yi ja ba.

"Mas'udu," muryar Baba ta fito daga zaure, "an zarge ka a gidana, ka dawo ka zauna bisa tabarmata. Ka gafarce mu."

"Ba komai, Baba..."

"Ka turo magabatanka ran Juma'a."

Gwaggo ta gyara mayafi, ta leƙa zauren.

"Ɗan nan... ka gaishe mani da innarka. Ka ce mata ni Inno ina nan tafe da kaina, akwai maganar da bakina ya kamata ya faɗa mata."

Raliya ta zame ƙasa, ta kifa fuska a gwiwa, ta saki kukan da ta riƙe tun safe.