Littafin da Ya Fitar da Taisiya Daga Gida

Taisiya na tsaye a kicin tana murza ƙullin fulawa, surukarta Nonna Pavlovna ta shigo ko takalmi ba ta cire ba, ta dangwarar da wani littafi a kan tebur. A bangonsa an zana budurwa jingine da wani dogon saurayi mai ganye a gashi.

"Ke kika rubuta wannan?"

Sunan da ke jiki ba nata ba ne, amma Taisiya ba ta iya ƙarya ba. Ta ce ita ce. Shekara uku ke nan, in ta taso daga kantin maganin da take aiki, sai ta zauna ta ɗauko aljanun tatsuniyoyin da aka raine su da su, ta mai da su masoya: aljanin daji da ya faɗa son malamar makaranta, 'yar ruwa mai tsoron sanyi. Labarai ne na raha, 'yan mata na saye suna dariya. Mijinta Arkadi, direban jirgin ƙasa, ya sani, sai dai bai taɓa buɗe ko shafi ɗaya ba.

Larisa, yayar Arkadi, ita ta tono zancen, kuma ba ta kawo shi haka kawai ba. Ta ce aljanin littafin mai koren ido ba kowa ba ne illa Rodion mai gadin daji, wanda ke kawo musu zuma. Kafin sati ya zagayo duk matan unguwarsu a garin Galich sun ji. A layin burodi ana ganin Taisiya sai a yi tsit.

Ta yi kuka, ta rantse gaisuwa kawai ke haɗa ta da mutumin. Ta ce za ta daina rubutun ma. Nonna ta ce matar da ke zama tana ƙirƙiro maza a kanta ba za ta kwana a gidan da ta raini ɗanta ita kaɗai ba. Daga nan jininta ya hau, har sai da aka kira likita.

Arkadi ya rasa inda zai sa kansa. Bai zargi matarsa ba, amma gidan na uwarsa ne, kuma bai taɓa yi mata musu ba tun yana yaro. Ya roƙi Taisiya ta je wurin gwaggonta na sati ɗaya, ƙura ta lafa.

"Arkasha, in na fita ai na amsa laifin ke nan," ta ce, tana kiransa da sunansa na gida.

"Na sani, Taya. To ya zan yi?"

Shi ya ɗaukar mata akwati har tasha, kansa a ƙasa.

Sati ɗaya ya zama wata uku. Ranar hutunsa yakan zo, su zauna a bencin ƙofar gidan gwaggo cikin sanyi, ya riƙe hannunta, ya ce Mama ba ta sauko ba tukuna. Gwaggo ta yi ta zuga ta ta nemi saki, ta ce namijin da ba zai iya tare wa matarsa faɗa ba, me za a yi da shi? Taisiya ba ta nemi sakin ba. Ta kan zauna gaban takarda, ko layi ɗaya ya ƙi fitowa.

A watan Fabrairu Nonna ta zame kan ƙanƙara a hanyar coci, ƙashin ƙugunta ya karye. Da aka sallamo ta daga asibiti Larisa ta yi kwana biyu, ta ce yara na jiranta, ta tafi. Arkadi kuwa in ya hau jirgi sai bayan kwana biyu. Kunya ta hana shi roƙon matarsa. Ita ta haɗa kayanta ta dawo da kanta.

Nonna na ganinta ta juya fuska bango. Sati biyu Taisiya na yi mata wanka, tana juya ta, tana zubar da fo, tana ba ta miyar kabeji a baki, tsohuwar ba ta ce mata uffan ba. Sau da yawa takan shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Wata rana da azahar tana taje mata gashi, sai ta ji Nonna ta ce, "Aljanin naki ba daidai yake ba."

Taisiya ta tsaya da matajin a hannu.

"Aljanin daji ba shi da inuwa, takalminsa kuma a juye yake sawa. Kakata ta gaya mini. Ke kin sa shi yana yawo kamar ɗan birni."

Ashe a asibiti, da zaman ya ishe ta, ta sa an kawo mata littafin don ta nemo hujja. A da bango kawai ta kalla. Ta karanta shi sau biyu, ta yi dariya har ɗinkinta ya yi zafi, ba ta ga Rodion ba, ba ta ga abin kunya ba. Girman kai ne ya rufe mata baki tun daga lokacin.

Ta kamo hannun Taisiya, hawaye na bin kuncinta. "Na zalunce ki, 'yata. Ki yafe mini."

"Na yafe, Mama."

Da Arkadi ya dawo ya tarar da su kan gado ɗaya, uwarsa na ba da labarin aljanin da ke zama bayan murhu, matarsa na rubutawa da sauri. Ya durƙusa ya nemi gafarar Taisiya, ta ce nasa sai ta yi shawara. Nonna ta ce ta ja masa rai sosai, ya cancanta.

Da ta fara takawa da sanda, layin burodi ta fara zuwa, ta wanke surukarta a gaban kowa. Haƙurin Taisiya ya mayar mata da gidanta da mutuncinta, amma wata ukun nan ba wanda zai mayar mata. Kafin ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da aka ce, ka duba da idonka.