Gahawar da Aka Zubar a Ƙasa

Da la'asar aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda cewa an sace injin da ke jawo wa ƙauyen ruwa daga rijiyar burtsatse. Kafin Sufeto Mu'utasim ya gama ɗaure takalmi, rahoto na biyu ya iso. An ga injin. Yana garken awakin gidan su Ustaza Madina Onur, an lulluɓe shi da ƙyallen yaƙin zaɓenta.

Saurin ne ya fara ba shi haushi. A garin da raƙumi kan ɓace ya shekara ba a gan shi ba, yau inji ya ɓace ya dawo kafin shayi ya huce.

Ustaza Madina malamar firamare ce. Ta fito takarar majalisar jihar Kassala ba da tutar kowace jam'iyya ba, alamarta a takardar ƙuri'a kuwa jabana ce, ɗan tulun yumɓun da ake dafa gahawa. Maganarta ɗaya ce duk inda ta tsaya, ruwa. In aka tuhume ta da sata, hukumar zaɓe za ta goge sunanta kafin ranar ƙuri'a.

"Kawo ta ka rufe," in ji shugaban ofishin, yana fifita da jarida. "Bayan zaɓe a sake ta, a ce ta yi haƙuri. Kowa ya huta."

"Kowa ban da ita, yallaɓai."

A yi haƙuri! Da wannan kalma aka binne asibitin garin, da ita rufin makaranta ya rufta. Mu'utasim ya ɗauki hularsa, ya yafito Saje Ohaj, wanda ɗan garin ne.

Sun tarar da Ustaza a tsakar gida, alli bai ma fita daga yatsunta ba.

"Ina kike da tsakar rana?"

"A aji. Ka tambayi yaran, sai dai ka toshe kunne, duk tare za su amsa."

"Wa ya gano injin?"

"Direban baffana, Omda Karrar, dagacin garin nan. Wai ya zo wucewa ya hango."

Mu'utasim ya dubi katangar garken. Ta fi shi tsawo.

"Direban nan raƙumi yake tuƙawa?"

Ta yi murmushi. "Sufeto, ni da nake yawo gida gida ina cewa a ba mu ruwa, ni ce zan kashe rijiya? Ko an wanke ni daga baya, matan nan ba za su manta sun kwana da ƙishi da sunana a bakinsu ba."

Ya yaye ƙyallen. An kwance notukan injin ɗaya bayan ɗaya da sifana, ba wanda aka karya. Ɓarawon bai yi gaggawa ba.

Mai gadin rijiyar, Shingirai, dattijo ne mai tarin suma. Rumfarsa na can nesa da ɗakin inji, ƙarƙashin wata bagaruwa.

"Barci nake, yallaɓai. Wallahi ko ƙuda ban gani ba."

"Kai kaɗai?"

"Ni da Allah."

Mu'utasim ya tsuguna gaban murhu. Ƙananan kofuna biyu ne a faranti. A kasko kuma ga tokar turaren wuta, har yanzu ƙamshi na tashi.

"Yaushe ka fara turara wa kanka, Baba? Ko aure za ka ƙara?"

Shingirai ya hau sosa suma.

Gefen gadon igiya akwai wani baƙin tabo a rairayi, tururuwa sun yi masa zobe. Mu'utasim ya dangwala ya sansana. Gahawa ce, ta ji citta da sukari.

Saje Ohaj ya riƙe baki. "Zubarwa aka yi? Dahuwar fari? Yallaɓai, a ƙasar nan ko mahaukaci aka miƙa wa kofin fari sai ya shanye kafin ya ci gaba da haukarsa."

"To wa zai karɓa ya kasa sha?"

Saje ya sake duban tabon. Can sai ya tuntsure da dariya har yana dafa bagaruwa.

Kowa a garin ya san labarin, Mu'utasim ne kawai baƙo. Ranar da aka ba Ustaza alamar jabana, Omda Karrar ya miƙe a tsakiyar kasuwa ya rantse da saki. Ya ce in gahawa ta sake wuce maƙogwaronsa kafin 'yar ƙaninsa ta faɗi zaɓe, matarsa ta saku. Tun daga ranar yake fama da ciwon kai, yana zagin duk wanda ya gaishe shi.

Sun same shi a zauren baƙi, rawani ya sha naɗi, dattawa kewaye da shi. Ta bayan labule ana jin motsin Hajiya Sittana, matarsa.

"Ina ka yi ƙailula yau, Omda?"

"A kan gadon nan. Tambayi kowa."

Dattawa suka gyaɗa kai tare kamar an ja su da zare.

"Ba ka leƙa rijiya ba?"

"Me zan yi a rijiya? Ni jaki ne?"

"Madalla." Mu'utasim ya ɗaga murya yadda za ta ratsa labule. "To ba maganar inji ta kawo ni ba. Na ga kofi biyu a rumfar Shingirai, da turaren da ba a ƙona wa kowa sai babban baƙo. Kofunan duka babu komai a ciki. Ana ta raɗe-raɗin kai ne baƙon. Na ce bari in zo da kaina in yi wa Hajiya jaje, in ji ko tana bukatar mota ta kwashe kayanta."

Motsin bayan labule ya tsaya cak.

"Karrar?" Murya ta fito a sanyaye. "Ka sha?"

"Ban sha ba!"

"Kofi dai ba ya shanye kansa," in ji Saje.

Omda ya zabura ya miƙe, rawani ya karkace. "Wallahi ban sha ba, Sittana! Karɓa kawai na yi don kada in kunyata mutumin. Sansanawa na yi, da ya juya baya na tuttular a ƙasa. Ku je ku duba, tabon na nan gefen gado!"

Dattawa suka dubi juna.

"Na gani," in ji Mu'utasim. "Gefen gadon da ke rijiyar da ba ka je ba."

Omda ya koma ya zauna a hankali. Bai ƙara musu ba. Ya ce shi ya riƙe Shingirai da hira, direbansa ya kwance injin ya shigar da shi ta ƙofar awaki. Ya riga ya yi wa manyan jam'iyya alkawarin ƙuri'un dangi kaf, sai ga yarinyar da aka raɗa wa suna a cinyarsa ta tsaya gabansa.

"Kwana biyu kawai na so a rufe ta. Ba cutar da ita zan yi ba."

"Ka hana gari ruwa don ka hana mace ɗaya magana. Tashi mu je."

Kafin rana ta faɗi an mayar da injin. Da ya yi tari ya kama, ruwa ya feso daga bututu, mata suka ɗauki guɗa. Ustaza Madina ta tara hannu ta wanke fuska, ta daɗe ba ta ɗago ba. Mu'utasim ya ji kafaɗunsa sun sauka. Ko ta ci ko ta faɗi, sunanta na nan a takarda, masu ƙuri'a ne za su yanke.

Ana sa Omda da direbansa a bayan mota, Hajiya Sittana ta fito, ta gyara mayafi.

"Sufeto, a ofishinku ana dafa gahawa?"

"Safe da yamma, Hajiya."

Ta dubi mijinta sama da ƙasa.

"To ku sa masa ido. Ko ya yi kuka, ruwa kawai za ku ba shi. Yanzu ai akwai."