Maman Yarinya

Ranar awon yara ce, benci cike da mata, sai nas ta ɗaga kati ta kira, "Maman yarinya mai jar hula."

Wani dogon saurayi ya miƙe da goyo a bayansa, zanin a karkace kamar mai shirin dambe. Mata suka kwashe da dariya, ita ma nas sai da ta ciji leɓe.

Da ta ɗora yarinyar a sikeli, dariyar ta ɗauke. "Nauyinta ya yi ƙasa sosai. 'Yarka ce?"

"'Yar yayana ce, tagwaye ne," ya ce. "Namijin ake kawowa asibiti, shi ake ba ƙwai. Ita wai mace ce, za ta murmure da kanta. Shi ne na rufe shagon ɗinkina na ɗauko ta."

Nan take zuciyar nas ta tafi, ko sallama babu. Ta rubuta masa abincin da za a ba yarinyar, a ƙasa ta ƙara lambarta, wai ko da tambaya.

Tambaya kuwa ta yi ta zuwa.

"Mai Sikeli, ta cinye ƙwanta tas. Ni ne na kasa cin komai, meye magani?"

"Maman Yarinya, ka zo awo ranar Talata a duba ka."

Da maganar aurensu ta kai kunnen Baba, mahaifin nas, ya ce sam. "Tela? Mai goyo kamar mace? Ga likita ɗan abokina yana jira."

Nas ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Mama ta bari sai da Baba ya gama shan shayi.

"Malam, lokacin da 'yar nan ta yi ƙyanda, danginka suka ce mace ce a bar ta a gida, wa ya goya ta har asibiti? Da shuɗin zanina ma."

Baba ya yi gyaran murya, ya dubi silin. "Ai ni daidai na ɗaura nawa. Ki ce ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure yarinyar nan mai jar hula ta yi ɓul-ɓul, ɗan'uwanta na bin ta da gudu bai kamo ta ba. Baba ya ja ango gefe, ya damƙa masa shuɗin zanin.

"Ka koyi ɗaurawa, akwai aiki a gaba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu nauyi, maza da mata."