Duka Biyun Ba Su Yi Ba

Ranar da suka fara haɗuwa a fusace ta shigo shagon. Ta dire laftof ɗinta a kan teburinsa, tsakanin tulin matattun wayoyi da gwangwanin ƙananan sukurori, ta ce, "Malam, cajata ta mutu, kuma aiki nake yi."

Mai Gyara ya ɗago kai ya ganta. Ya karɓi cajar ya jujjuya, ya ga wayar ta tsinke daidai wuyanta. Ya narka dalma ya haɗa, ya naɗe, ya miƙa mata. Duk abin da ya iya cewa shi ne, "To." Da ta nemi lambarsa don ko cajar za ta sake lalacewa, sai da ya leƙa waje ya karanto ta daga allon shagonsa. Nan take ta kira shi don shi ma ya sami tata.

A gida Alƙaliya ake ce mata, saboda aikinta. Wani kamfani ne ke turo mata tambaya ɗaya da amsoshi biyu daga manhajojin hira daban-daban, irin waɗannan da ake yi wa tambaya su amsa kamar mutum. Sunayensu a rufe suke zuwa. Ita za ta karanta, ta zaɓi wadda ta fi, ta rubuta dalili. Akwai kuma madanni na uku a ƙasa, wanda ta fi ƙauna a duniya: duka biyun ba su yi ba.

Yau da gobe ta san manhajojin kamar 'yan ɗakinsu, har ta raɗa musu suna. Akwai Dogon Bayani, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faro daga tarihin agogo. Akwai Ban Haƙuri, mai neman gafara tun bai yi laifi ba. Akwai Sarkin Yabo, wanda ko shirme ka rubuta sai ya ce tambayarka ta burge shi.

To, duk 'yan matan duniya, Mai Gyara ya rasa wadda zai tura wa saƙon inji sai ita.

"Ya ke ma'abociyar kyau, tun da kika shigo rayuwata zuciyata ta zama lambu mai furanni. Ga dalilan da suka sa kika bambanta da sauran mata. Na farko..."

Ba ta ma kai na biyu ba ta amsa: "Ka gaishe min da Dogon Bayani."

Washegari ya sauya manhaja, bawan Allah, a zatonsa a nan matsalar take.

"Ina neman afuwa idan saƙona ya dame ki, amma zuciyata ta kasa yin shiru. Kana so in ƙara masa zafin soyayya ko in rage tsawonsa?"

Ta karanta layin ƙarshe, ta dafe kai. Ko gogewa bai yi ba! Ta rubuta: "Ka ce wa Ban Haƙuri ya rage tsawonsa. Ya rage gaba ɗaya."

Abin haushin shi ne tana son sa. Cajar ta ci gaba da tsinkewa, ita kuma ta ci gaba da zuwa shagon. Tana shigowa zai kwashe wayoyin da ke kan kujera, ya goge ta da hannun rigarsa, ya juya mata fanka shi ya zauna cikin zafi. Bakinsa ne kawai ba ya aiki.

Rannan ta ce masa, "Ka ji ni da kyau. Wuni nake ina karanta zaƙin bakin inji, har kaina ya yi ciwo. In na buɗe saƙonka, kai nake nema. Ko kalma ɗaya ce, in dai taka ce, ta ishe ni."

Ya ce, "To."

"Alkawari?"

"Alkawari, ranki ya daɗe."

Daga nan saƙonninsa suka koma kamar na mai biyan kuɗin kowane harafi. "Kin ci abinci?" "Ana ruwa, ki cire laftof daga wuta." "Na ga wata mai irin tafiyarki, ba ke ba ce, na ji haushi." Wannan na ƙarshen sai da ta karanta shi har ta haddace. Ta sa masa suna Malam To, shi kuma yana ce mata Alƙaliyata.

Da maganar aure ta taso, Babanta ne ya ƙi. Baba kafinta ne, mutum mai son a dube shi ido cikin ido a yi magana. Da Malam To ya zo gaishe shi, gumi kawai ya yi ta yi yana kallon takalmansa.

"Wannan ne zai riƙe ki?" in ji Baba bayan ya tafi. "Ke da kike wuta, shi ko gaisuwa ta gagare shi? Ga ɗan abokina mai kemis, yaro da baki kamar rediyo."

Umma ta ce, "Rediyon ma ai kashe shi ake yi in ya dami mutane."

Baba bai yi dariya ba. Tsoronsa na gaske ne: ya san zuciyar 'yarsa, kuma ba ya son ta je gidan da za a kasa da ita a dawo masa da ita. Sai ya ce zai yi mata irin aikinta. Zai tura wa samarin biyu tambaya ɗaya, Umma ta cire sunaye, Alƙaliya ta zaɓa. Wanda ta zaɓa shi ne, kuma ba sauran magana. Tambayar ita ce: "Idan 'yata ta yi fushi, me za ka yi?"

Ta yarda da sauri, don ta tabbata za ta gane nata. Ai wanda ya fi gajarta ne.

Da yamma suna falo Umma ta miƙo mata waya. Amsa ta farko ta fara da cewa, "Wannan tambaya ce mai matuƙar muhimmanci, kuma tana nuna hikimarka a matsayin uba." Ta yi tsaki ta wuce ta biyu. "Wannan tambaya ce mai matuƙar muhimmanci, kuma tana nuna zurfin tunaninka a matsayin uba." Duka biyun za su saurare ta da zuciya ɗaya, su ba ta sarari, su girmama yadda take ji. Sarkin Yabo ne ya rubuta musu su duka biyun.

Na Mai Kemis bai dame ta ba. Amma Malam To ya yi mata alkawari. Idonta ya ciko, don wannan karon abin ya yi mata zafi sosai.

"Wanne kika zaɓa?" in ji Baba.

"Duka biyun ba su yi ba!"

Ta figi mayafi, ta fizgi ƙofa, mariƙin ƙofar ya biyo hannunta. Ta jefar da shi ta fita. Baba ya yi ajiyar zuciya, ya tsince shi ya sa a aljihu, ya ce wa Umma, "Bari in bi ta, kada ta rushe wa mutane shago."

Malam To na ganinta ya miƙe har dalma ta ƙona masa yatsa.

"Ka yi min alkawari!"

"Na yi."

"To me ya kai ka?"

"Baba ne ya tambaya. Na rubuta tawa, na ga ba ta da kyau. Na ji tsoron in rasa ki."

"Me ka rubuta?"

Ya dubi Baba da ke tsaye a bakin ƙofa. Sai ya jawo durowar ƙasa. Cike take da cajoji sababbi, duk irin na laftof ɗinta, kowace an naɗe wuyanta da roba mai kauri.

"Cajarki ba lalacewa take yi ba," ya ce a hankali. "Fizge ta kike yi in amsa ta ba ki haushi. Kullum wuri ɗaya take tsinkewa. Na ga fushin ba ya daɗewa, kafin ki iso nan ma ya wuce rabi. Shi ne nake tara su. Abin da na rubuta ke nan: in ta yi fushi zan bari ta gama, in gyara abin da ta fasa, in tambaye ta ko ta ci abinci."

Alƙaliya ta ɗauki caja ɗaya tana jujjuyawa.

Baba ya matso ya leƙa durowar, ya daɗe yana kallo. Sai ya zaro mariƙin ƙofar daga aljihu ya ajiye a kan teburin.

"Ni ma ina da irin wannan durowar," ya ce. "Tun tana makaranta. Yaro, me ya sa ba ka turo min wannan ba?"

"Ba ta da daɗin ji, Baba."

"Ai ita ma ba ta da daɗin fushi. Ka turo manyanka."

Malam To ya ce, "To."

Ranar ɗaurin aure Mai Kemis ya turo saƙon taya murna mai tsawon gaske, amarya ta duba layi ɗaya ta ce wa Umma Dogon Bayani na gaishe su. Baba kuwa ya kira ango gefe, ya danƙa masa wani akwatin katako da ya ƙera da hannunsa, cike da mariƙan ƙofa.

"Ni na yi ritaya," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci gidanku, ya sa ƙofofinku su yi ƙarko."

Amarya na zaune cikin ƙawayenta wayarta ta yi ƙara.

"Alƙaliyata, kin ci abinci?"

Ta share hawaye ta rubuta: "Wannan amsar na zaɓa, Malam To. Har abada."

Ba a jima ba amsarsa ta shigo, kuma ba wani inji a duniya da ya taya shi rubuta ta.

"To."