Inuwar Reshen da Aka Sare

Da la'asar sakaliya wani malamin kimiyya ya sare reshen darbejiyar maƙwabciyarsa, wanda ya tsallako katanga ya toshe tagar ɗakin da 'yarsa Auta ke karatu. Ya sha neman izini. Tsohuwar takan ce, "Ɗan nan, ni ma tarar da ita na yi." Shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Reshe ya faɗi, amma inuwarsa ba ta bi shi ba.

Tana nan kwance a bangon ɗakin da ganyenta, tana kaɗawa ko babu iska. Malamin ya yi wa iyalinsa bayani cewa lalle wani abu ne ke tare hasken. Ya yaye labule, ya matsar da kabad. Gaskiya ya faɗa, abin ne dai bai gani ba.

Washegari da almuru 'ya'yan darbejiya suka fara zubowa daga rufin ɗaki, ɗanyu shar. Auta ta ɗago daga littafinta.

"Baba, a kunna fitila mana."

Fitilar a kunne take.

A asibiti aka ce idonta lafiya lau. Uwarta ba ta nemi shawarar kowa ba, ta kira mai ruƙiyya. Yana cikin karatu Auta ta buɗe baki, sai muryar wani dattijo ta fito, a gajiye.

"Ina maigidan?"

"Ga ni," in ji malamin, ya kuma ji kunyar saurin amsawarsa.

"Ka ce mun tare maka haske. Wannan ƙwan lantarkin da ka maƙala a katanga fa, tun yaushe yake tare mana duhu? Yaranmu ba sa barci. Mun taɓa zo maka da gatari?"

"Yarinya ba ta yi muku komai ba," in ji mai ruƙiyya. "Me zai raba ku da idonta?"

"Ya mayar da reshen."

"Ba ya mayuwa, kai ma ka sani," in ji mai ruƙiyya.

Muryar dattijon ta sake fitowa.

"To, rana tasa ce. Daga faɗuwarta, a bar mana duhunmu."

Malamin ya ɗauki kujera ya fita, ya kwance ƙwan da hannunsa. Inuwar ta tattara ganyenta a hankali, ta fice ta taga. Auta ta kare fuska da tafi.

"Wash, Baba, fitilar nan ta yi yawa."

Har yau in an tambaye shi me ya sa tsakar gidansa ke duhu, sai ya ce ƙwari ke taruwa in an kunna fitila. Ƙasa-ƙasa yake faɗa, yana kallon katanga.